Farfesa Tolkien da Ilimin Bin Diddigin Kalmomi

Akasarin mutanen da suka san sunan J.R.R. Tolkien sun san shi ne ta littafinsa The Lord of the Rings, ko kuma ta finafinan da aka shirya daga littafin tsakanin 2001 da 2003. Amma sana'ar da ya ci abinci da ita koyarwa ce a jami'a. Ya yi shekara 39 yana yin ta, biyar a Jami'ar Leeds, 34 a Jami'ar Oxford, kuma fannin da ya ƙware a kai shi ne harshe da adabin Ingila na zamanin tsaka-tsaki, wato abin da aka rubuta daga wajen ƙarni na 7 zuwa na 15, tare da adabin maƙwabtan Ingila na arewacin Turai. A zamaninsa malaman sashen Ingilishi sun kasu gida biyu, masu nazarin harshe da masu nazarin adabi, kowane ɓangare yana raina ɗayan. Tolkien ya ƙare aikinsa yana ƙoƙarin nuna cewa wanda bai san tarihin kalma ba ba zai iya karanta tsohuwar waƙa ba, wanda kuma ya san tarihin kalmar amma bai saurari waƙar ba ya yi aikin banza.

Kimiyyar da ke cikin tsofaffin kalmomi

Ilimin da Tolkien ya tashi a cikinsa ana kiransa filoloji, wato bin diddigin kalmomi da tsofaffin rubuce-rubuce don gano yadda harshe ya sauya da kuma inda rubutu ya fito. Ya bunƙasa ne a ƙarni na 19, musamman a Jamus da Denmark, bayan da masana suka lura cewa sautukan harshe ba su sauyawa barkatai, suna bin ƙa'ida. Rasmus Rask a 1818 da Jacob Grimm a 1822 sun nuna cewa inda Latin ke da sautin "p" a farkon kalma, dangin harsunan Jamusanci, waɗanda Ingilishi ke cikinsu, suna da "f". Shi ya sa uba yake "pater" a Latin amma "father" a Ingilishi, kifi kuma "piscis" da "fish". Da zarar an tabbatar da ƙa'ida irin wannan, ana iya komawa baya da ita a ƙiyasta yadda kalma take kafin a fara rubuta ta, kamar yadda masanin duwatsu ke duban shimfiɗar ƙasa ya faɗi wadda ta riga wata.

Wannan hanyar nazari ta iso har kan Hausa. A wajen 1928 wani Bajamushe, August Klingenheben, ya bayyana dokar da ta sa wasu baƙaƙe ke raunana in sun zo a ƙarshen gaɓa. Ita ce ta sa ake cewa talaka amma talauci, ɓauna amma ɓakane, kuma ita ce ta sa Bakano ke cewa "zauna" da "sauka" a inda Basakkwace ke cewa "zamna" da "sabka". Duk wanda ya taɓa gane garin mutum daga kalma guda da ta fito bakinsa ya riga ya fahimci rabin aikin Tolkien. Bambancin shi ne, mutanen da Tolkien ke saurare sun mutu shekaru ɗari bakwai ko dubu kafin a haife shi, kuma tawadar da suka bari a kan fata ce kaɗai shaidarsa.

Daga maraici zuwa ɗakin ƙamus

An haifi John Ronald Reuel Tolkien ranar 3 ga Janairu 1892 a Bloemfontein, cikin ƙasar da ake kira Afirka ta Kudu a yau, inda mahaifinsa ke aikin banki. Mahaifin ya rasu a 1896, mahaifiyar kuma a 1904, saboda haka ya girma maraya a Birmingham a hannun wani limamin Katolika. Tun yana makarantar sakandare ya ci karo da wani ɗan littafin nahawun harshen Gothic, harshen da ya mutu tuntuni, wanda kusan duk abin da ya rage daga gare shi fassarar Baibul ce ta ƙarni na 4. Marubucin littafin, Joseph Wright, shi ne ya zama malaminsa da ya shiga Kwalejin Exeter ta Oxford a 1911. Tarihin Wright kansa abin mamaki ne. Yana ɗan shekara shida ya fara aikin kora jaki a wurin fasa dutse, daga nan ya shiga masaƙa, bai iya karatu ba sai da ya kai wajen shekara 15, amma ya yi digirin digirgir a Heidelberg, ya kuma wallafa ƙamus na karuruwan harshen Ingilishi mai juzu'i shida.

Tolkien ya fara ne da Girkanci da Latin, sakamakonsa kuma bai yi armashi ba, domin hankalinsa ya tafi kan nahawun harshen Finland da ya tsinta a laburaren kwaleji, da kuma harshen Welsh. Sai dai a takardar kwatanta harsuna ya yi fice ƙwarai, abin da ya sa aka ba shi shawarar komawa sashen Ingilishi, inda ya fita da daraja ta ɗaya a 1915. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɗauke shi zuwa Faransa a matsayin hafsan sadarwa. Ya halarci gumurzun Somme a 1916, ya rasa biyu daga cikin aminansa na makaranta, zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa a ramukan yaƙi kuma ya mayar da shi gida.

Aikinsa na farko bayan yaƙi shi ne a babban ƙamus na Oxford, daga 1919 zuwa 1920, ƙarƙashin Henry Bradley. An ba shi kalmomin da ke farawa da harafin W, irin su "walrus" da "walnut". Aiki ne na zama da tarin guntayen takardu, kowace ɗauke da jimlar da aka tsinto daga wani tsohon littafi, a jera su bisa shekaru, a bi kalmar ta harsuna goma ko fiye har a kai ga tushenta. Daga baya ya ce bai taɓa koyon abu mai yawa cikin ɗan lokaci kamar a wannan zaman ba.

A 1920 Jami'ar Leeds ta ɗauke shi, a 1924 kuma ya zama farfesa yana da shekara 32. Da ya isa, ɗalibai biyar ne kacal suka zaɓi ɓangaren harshe. Kafin ya tafi sun kai 20. Shi da abokin aikinsa E.V. Gordon sun kafa wa ɗalibai ƙungiyar da ake karanta labaran Iceland na dā, ana kuma rera waƙoƙin raha da suka tsara cikin tsofaffin harsuna. Tare suka fitar da tsaftataccen bugu na waƙar Sir Gawain and the Green Knight a 1925, waƙar ƙarshen ƙarni na 14 wadda kwafi ɗaya tak ya rage daga gare ta, aka kuma rubuta ta da karin harshen arewa maso yamma, mai wuyar gaske ga wanda ya saba da Ingilishin Landan. Ɗalibai sun yi shekaru da dama suna amfani da wannan bugu, kuma an sabunta shi a 1967. A shekarar 1925 ɗin ce ya nemi kujerar farfesan Tsohon Ingilishi a Oxford. Ƙuri'un masu zaɓe sun yi kunnen doki tsakaninsa da tsohon malaminsa Kenneth Sisam, shugaban jami'ar ne ya raba gardama da tasa ƙuri'ar.

Abin da ƙarshen aikatau ya tona

Binciken da masana harshe suka fi girmama shi da shi ya fito a 1929, kuma a kan wani littafin wa'azi ne mai suna Ancrene Wisse. An rubuta littafin a farkon ƙarni na 13 domin wasu mata uku 'yan'uwan juna da suka zaɓi rayuwar zuhudu, irin wadda mace ke shiga ɗaki a jikin coci a rufe ta, ta ƙare rayuwarta cikin ibada. Domin a gane muhimmancin binciken, sai a tuna cewa a 1066 Normawa daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi. Daga nan Faransanci ya zama harshen fada, Latin na coci, Ingilishi kuma ya koma bakin talakawa. Ra'ayin da ya yaɗu a tsakanin masana shi ne cewa Ingilishi ya rasa tsayayyen tsarin rubutu na tsawon ƙarnuka, kowane magatakarda yana rubuta shi yadda ya ga dama.

Tolkien ya ɗauki rubutun hannu guda biyu ya gwama. Na farko kwafin Ancrene Wisse ne da ke Kwalejin Corpus Christi ta Cambridge, mai lamba 402, wanda ya laƙaba wa A. Na biyu tarin labaran waliyyai mata ne da wa'azuzzuka da ke Laburaren Bodleian na Oxford, mai lamba 34, wanda ya laƙaba wa B. Hannun da ya rubuta A daban yake da wanda ya rubuta B, littattafan ma daban ne, amma ya tarar harshensu iri ɗaya ne har cikin ƙananan abubuwa. Babbar shaidarsa wani rukunin aikatau ne da a Tsohon Ingilishi ke ƙarewa da "-ian", kamar "lufian", wato so, da "locian", wato duba. A cikin A da B, idan gaɓar tushen kalmar gajeriya ce sai a rubuta "-ien", kamar "luuien". Idan doguwa ce sai a rubuta "-in", kamar "lokin". Ya bi misalan ɗaya bayan ɗaya, ya ga magatakardan biyu ba su cika kuskure ba. Rubutun zamanin bai nuna tsawon wasali, kamar dai yadda rubutun boko na Hausa bai bambanta "gari" na mutane da "gari" na tuwo. Ke nan mutum ba zai iya kiyaye wannan ƙa'ida ba sai in harshen na bakinsa ne, ko kuma an horar da shi a kai sosai.

Daga nan ya yanke hukunci cewa akwai wani yanki a yammacin Ingila, wajen Herefordshire kusa da iyakar Wales, inda ilimin rubuta Ingilishi bai mutu ba bayan 1066, inda masu ilimi suka ci gaba da rubuta shi da tsari da kuma alfahari. Kalmomin aro daga Welsh da ke cikin rubutun, irin su "cader" mai nufin shimfiɗar jariri, sun dace da wannan wuri. Har yanzu masana na kiran wannan karin harshe da sunan da ya ba shi, wato "harshen AB".

Ba duk abin da ya faɗa ne ya tsaya ba. Ya ɗauka cewa magatakarda ba ya iya juya littafi daga wani karin harshe zuwa nasa ba tare da ya bar gauraye ba, saboda haka ya ce lallai an tsara littattafan ne a wuri ɗaya, kusan lokaci ɗaya da kwafinsu. Binciken da Angus McIntosh da abokan aikinsa suka yi daga baya a kan ɗaruruwan rubuce-rubucen hannu ya nuna cewa akwai magatakardan da ke yin irin wannan juyi tsaf. Wasu kuma sun yi shakkar a kira harshen AB daidaitaccen harshe bisa shaidar mutum biyu kawai. Amma wurin da ya nuna bai gusa sosai ba, kuma hanyar da ya bi, ta ƙirga ƙananan alamu maimakon dogaro da zato, ita ce waɗanda suka gyara shi suka yi amfani da ita.

Waƙar da aka mayar ma'adinai

Ranar 25 ga Nuwamba 1936 Tolkien ya gabatar da lacca a gaban Cibiyar Masana ta Birtaniya, mai taken Beowulf: The Monsters and the Critics. Beowulf ita ce waƙa mafi tsawo da ta rage a Tsohon Ingilishi, mai ɗango 3182. Kwafi ɗaya ne ya rage, wanda aka rubuta wajen shekara ta 1000, kuma saura kaɗan ya ƙone a gobarar da ta kama gidan ajiyarsa a Landan a 1731. Gefunan shafukansa sun babbake, haruffa suka yi ta zubewa. Ba a buga ta ba sai 1815. Labarin bai faru a Ingila ba. Wani saurayi ne daga kudancin Sweden ta yau ya tafi Denmark ya kashe wani dodo mai suna Grendel da ke cin mutanen sarki, sannan ya kashe uwar dodon. Ya koma gida ya yi sarauta shekara 50, a tsufansa kuma ya kara da wani ƙaton maciji mai aman wuta, ya kashe shi, shi ma ya mutu da raunin da ya samu.

Masanan ƙarni na 19 sun fi damuwa da sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙen da mawaƙin ke ambata a gefe. Suna da dalili, domin an gano cewa harin da kawun Beowulf, Hygelac, ya kai gaɓar tekun Frisia ya faru da gaske a farkon ƙarni na 6, kuma marubucin tarihi Gregory na Tours ya ambace shi. Sai waƙar ta zama ma'adinan da ake haƙo tarihi, al'adu da nahawu. Game da dodanni kuwa, manyan manazarta irin su W.P. Ker sun ga cewa mawaƙin ya yi wauta, ya sa tatsuniyar yara a tsakiya ya tura muhimman abubuwa gefe.

Tolkien ya amsa musu da misali. Ya ce wani mutum ne ya gāji tsofaffin duwatsu ya gina hasumiya da su. Abokansa suka zo, ba su ko hau ba, suka rushe ta don su duba zane-zanen da ke jikin duwatsun, sannan suka yi ta ƙorafin cewa ginin ba shi da tsari, alhali mai ginin yana hango teku daga samanta. Hujjarsa ita ce, da mawaƙin ya sa jaruminsa ya yaƙi wani sarki, da waƙar ta zama labarin rikicin ƙabilu biyu kawai. Da ya sa shi ya yaƙi dodanni sai ta zama magana a kan ɗan Adam da abin da ba zai iya rinjaya ba har abada, wato mugunta da mutuwa. Mawaƙin Kirista ne mai ilimi da ke waiwayen kakanninsa maguzawa da tausayi, yana jinjina wa jaruntar mutanen da suka san ƙarshensu faɗuwa ne amma ba su gudu ba.

A nan ne ilimin harshe ya yi masa rana. Ɗangon waƙar Tsohon Ingilishi ba shi da amsa-amo a ƙarshe. Rabi biyu ne da ɗan tsayawa a tsakani, kuma maimaita baƙin farkon kalmomi ne ke ɗaure su. Tolkien ya ce waƙar gaba ɗaya haka aka gina ta: rabi na ƙuruciya da tashe, rabi na tsufa da faɗuwa, an ajiye su suna fuskantar juna. Wanda ke neman labari mai gudu daga farko zuwa ƙarshe zai ce ba ta da tsari, domin yana auna ta da mudun da ba nata ba.

Laccar ta sauya alƙiblar nazarin Beowulf, kuma mawaƙin Ireland Seamus Heaney, wanda fassararsa ta fito a 1999, ya yaba mata a kan haka. Tana da nata giɓin. Kusan ba ta ce komai a kan uwar Grendel ba, duk da cewa faɗa da ita ya ci babban yanki na tsakiyar waƙar, kuma manazarta na baya, musamman mata, sun nuna cewa tsarin rabi biyu bai zauna daidai ba sai an kau da kai daga gare ta. Haka kuma Tolkien ya ɗauka an tsara waƙar a ƙarni na 8. A 1981 Kevin Kiernan ya ce ba ta girmi kwafinta ba, wato ƙarni na 11, aka yi ta muhawara, sannan a 1992 R.D. Fulk ya kawo hujjoji daga ma'aunin waƙar da tsawon wasulanta da ke goyon bayan tsufanta.

Rikicin manhaja da ayyukan da suka maƙale

A Oxford, Tolkien ya tarar da gabar masu harshe da masu adabi ta yi tsami. Da taimakon C.S. Lewis, wanda suka haɗu a 1926, ya samu aka amince da sabuwar manhaja a 1931. Ta rage haddar dokokin sauti da ba a haɗa su da wani littafi ba, ta tilasta wa kowane ɗalibi karanta tsohon adabi cikin harshensa na asali, ta kuma tsayar da karatun dole a wajen 1830. Wannan na ƙarshe ya jawo suka mai tushe, domin ɗalibi na iya gama digirin Ingilishi bai yi nazarin Dickens ba. Ya kuma kafa ƙungiyar malamai masu karanta labaran Iceland cikin harshensu, domin a ganinsa ba a fahimtar adabin Ingila na dā in an raba shi da na Iceland, Jamus da Wales.

A 1945 ya koma kujerar Merton ta harshe da adabin Ingilishi, ya riƙe ta har 1959. Sai dai abin da ya wallafa na ilimi a waɗannan shekaru bai kai abin da ake tsammani ba, kuma abokan aikinsa sun yi ta gunaguni. Bugun zaɓaɓɓun waƙoƙin Chaucer da ya fara tun yana Leeds bai taɓa kammaluwa ba. Bugun Ancrene Wisse da aka daɗe ana jira bai fito ba sai 1962, kuma ba tare da cikakken nazarin nahawun da shi kaɗai ya fi cancanta ya rubuta ba. Dalilan suna da yawa: 'ya'ya huɗu da ƙarancin kuɗi da suka sa shi duba takardun jarrabawar sakandare a lokacin hutu, nauyin koyarwa, halinsa na sake rubuta abu sau da yawa ba ya gamsuwa, da kuma dararen da ya ba ƙagaggun labaransa. The Hobbit ya fito a 1937, The Lord of the Rings a 1954 da 1955. Wanda ya san aikinsa na jami'a zai ga sawunsa a cikinsu, domin satar ƙoƙon zinariya daga taskar maciji daga Beowulf ta fito, sunayen wadanninsa kuma daga wata tsohuwar waƙar Iceland. Wani kaso na iliminsa kuma ya shige cikin ayyukan ɗalibansa, kamar Simonne d'Ardenne ta Belgium, wadda bugunta na rayuwar waliyyiya Juliana na 1936 ya ƙunshi nahawun harshen AB da suka yi aiki a kai tare, da Robert Burchfield, wanda ya zama editan ƙarin juzu'an ƙamus na Oxford.

A jawabinsa na ban kwana a Yuni 1959 ya tuna wa masu sauraro cewa a Afirka ta Kudu aka haife shi, ya ce ƙin wariyar launin fata na cikin ƙashinsa, kuma wariyar da ya fi tsana a jami'a ita ce ta raba harshe da adabi. A 1972 Oxford ta ba shi digirin girmamawa saboda aikinsa na filoloji. Ya rasu ranar 2 ga Satumba 1973. Ɗansa Christopher, wanda shi ma ya koyar da Tsohon Ingilishi a Oxford, ya fitar da fassararsa ta Sir Gawain a 1975, fassararsa ta Beowulf kuwa, wadda ya gama tun 1926 ya ajiye a aljihun tebur, ba ta fito ba sai 2014, tare da sharhin da aka tsamo daga takardun laccocinsa.